Tsuntsun takarda mai kaɗa fikafikai: lanƙwasasshiyar waya ko faifai mai siffar ƙwai?

Hanya biyu ce aka fi bi wajen mayar da juyin mariƙin da ake murzawa a wannan abin wasa ya zama sama da ƙasan fikafikai.

Ta farko, a lanƙwasa waya ta yi gwiwa a tsakiya, a ɗaura mata sandar da ke haɗe da fikafikan, irin yadda fedar keken ɗinki ke haɗe da tayarsa. Wayar ce ke turawa, ita ce kuma ke jawowa, saboda haka ko an juya da sauri ko an koma da baya, tsuntsun ba ya fashin kaɗawa. Idan zurfin gwiwar santimita 1 ne, sandar za ta yi tafiyar santimita 2. Sai dai motsin iri ɗaya ne kullum.

Ta biyu, faifan kwali mai siffar ƙwai a jikin tsinken tsire da ake murzawa, sanda na zaune a bakinsa. A nan gwaninta take: yadda ka yanka bakin faifan, haka fiffiken zai yi, ya tashi a hankali, ya ɗan dakata, ya faɗo farat ɗaya. Amma faifai turawa kawai ya iya. Nauyi ne ke dawo da sandar, takarda kuwa ba ta da shi, sai an liƙa mata ɗan kwabo. Bakin kwali ma yana saurin cinyewa idan ba a manna falle uku ko huɗu da gam ba.

Abin da yara za su murza, ni dai waya zan sa masa. Faifai sai wanda za a ajiye don ado.