Kafin ka sayi manhajar sa ido kan kwamfutocin aikinka: shin za ta san ranar da abu ya saɓa wa al'ada?

Wata Talata da rana, allon sa idonmu kore shar, babu gargaɗi ko ɗaya. Furosesa a huce take, ma'ajiya da sauran wuri, sabar (kwamfutocin da ke ɗauke da hidimominmu) duk suna amsawa. Sai ga waya daga masu karɓar ƙorafi: mutane suna ta kira, biyan kuɗi ba ya wucewa. Muka duba, ashe takardar shaidar tsaro ta wani kamfani da muke haɗa aiki da shi ce wa'adinta ya ƙare, buƙatu suka daina isowa gare mu. Manhajarmu an koya mata ta yi ihu ne idan aiki ya yi yawa. Ba a taɓa gaya mata cewa shiru a lokacin da ya kamata a ga cunkoso shi ma matsala ne ba.

Tun daga ranar, tambayar da nake fara yi wa duk mai tallata mana manhajar sa ido ita ce: za ta koyi yadda tsarina ya saba tafiya, ta gane in ya kauce?

Tsohon salo, irin wanda aka saba a manhajar Nagios, shi ne ka kafa iyaka da hannunka: in faifan ajiyar bayanai ya cika kashi 90, a sanar da ni. Wannan yana nan da amfaninsa, kada wani ya ce maka ya zama tsohon yayi. Amma yawan masu shiga shafi ko saurin amsar manhaja ba su da lamba ɗaya da ta dace da kowane lokaci. Abin da yake daidai da ƙarfe ukun dare alamar masifa ce da ƙarfe goman safe. A nan ne ake buƙatar manhajar da ke nazarin bayanan baya, ta zana wa kanta zangon da ya kamata lamba ta tsaya a ciki, ta yi magana in an fita daga zangon, ta sama ko ta ƙasa.

Abin da ya fi damuna, kuma ba kasafai masu talla ke ambatarsa ba, shi ne kalanda. Yawancin waɗannan manhajoji sun iya zagayen awa, na yini da na mako. Za su gane cewa aiki yana lafawa lokacin sallar Juma'a, domin kowane mako hakan yake maimaituwa. Azumi fa? Wata guda cur hada-hada takan koma bayan shan ruwa da lokacin sahur, kuma kowace shekara watan yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, saboda haka kwatanta bana da bara ba ya warware komai. Ga jajibirin Sallah, ga ƙarshen wata da albashi ke shiga. Manhajar da ba ta ba ka damar gaya mata waɗannan ranaku ba, a makon farko za ta cika maka waya da gargaɗin banza, in ta saba kuma, bayan Sallah ta sake ruɗewa. Manhajar Elastic tana da tsarin kalanda da za ka shigar da ranakun da ka san za su bambanta, ta ƙi ɗaukarsu a matsayin darasi. CloudWatch ta Amazon ma tana bari ka cire wani lokaci daga cikin abin da take koyo da shi. Duk wadda aka kawo maka, ka ce a nuna maka inda ake yin wannan a kan allo, gani ya kori ji.

Sai tsawon tarihin da take buƙata. CloudWatch tana koyo da bayanan da suka kai na mako biyu. Manhajar Datadog tana son ninki uku na zagayen da ka zaɓa, wato in zagayen mako ne, sai ta tara bayanan mako uku. Ke nan gwajin kyauta na kwana goma sha huɗu ba zai nuna maka ainihin iyawarta ba. Manhajar Prometheus kuwa, in ba ka sauya saitinta ba, kwana 15 kawai take ajiye bayanai, don haka dole ka tanadi wurin ajiya mai tsawo kafin ka yi maganar kwatanta makonni.

Datadog ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin zaɓin da ta bayar yana fito da wata matsala da ke cikin dukkansu. Tana da hanyoyi uku. Ta farko ba ta la'akari da zagaye. Ta biyu tana saurin sabawa da sabon yanayi. Ta uku tana riƙe abin da ta sani, ba ta saurin sauya ra'ayi. Mai saurin sabawar tana da daɗin aiki in kana yawan fitar da sababbin gyare-gyare, amma in ƙwaƙwalwar aikin sabar tana tsiyayewa a hankali kwana da kwanaki, tana iya ɗaukar lalacewar a matsayin sabuwar al'ada ta yi shiru. Mai riƙon kuwa za ta dame ka na ɗan lokaci bayan kowane sauyi na halal. Ni dai a kan abin da ya shafi kuɗin mutane na fi son mai riƙo, gara ta tashe ni sau biyu a banza da ta bar asara ta yi nisa.

Ga wanda ke riƙe da sabar a ofishinsa da ma'aikata biyu ko uku, Zabbix ce nake fara ambata. Kyauta ce, daga ƙasar Latbiya take, kuma tun fitowar 6.0 a 2022 ta zo da lissafin da ke kwatanta wannan lokaci da irinsa na makonnin baya. Tana kuma iya hasashen ranar da faifai zai cika. Sai dai wannan kwatancin yana dogara ne da taƙaitattun bayanai na awa-awa, saboda haka ba za ta kama abin da ya faru cikin minti biyu ta wannan hanyar ba, kuma kai ne za ka zauna ka rubuta kowace ƙa'ida. Prometheus, wadda aka fara a kamfanin SoundCloud a 2012, ta ma fi ta neman ƙwarewa: lissafin matsakaici da karkata duk da hannu za ka haɗa. Araha ba ta ado. Abin da ba ka biya na lasisi ba za ka biya shi da lokacin injiniyanka, kuma ranar da ya bar aiki ya tafi da ilimin a kansa.

Dynatrace tana can ɗaya ɓangaren. Tana zana taswirar yadda manhajojinka suka dogara da juna, in rumbun bayanai ya yi nauyi ta haɗa gargaɗi da yawa su zama matsala ɗaya, ta nuna inda take zaton tushen yake. Wannan yana da daraja sosai ga mai ɗaruruwan ƙananan manhajoji. Ga mai sabar goma, kuɗin ya fi ƙarfin buƙatar. Elastic ta fi dacewa da wanda matsalarsa ke ɓoye cikin kundin rajista, wato inda manhaja ke rubuta abin da ya faru. Tana ba kowane baƙon abu maki daga 0 zuwa 100, amma wannan ɓangaren yana cikin tsarin da ake biya.

Maganar kuɗi: waɗanda ke kan gajimare, wato a sabar kamfanin da ya yi su, da dala ake biyansu, kuma lissafin yana hawa da yawan sabar da yawan ma'aunan da kake aikawa. A CloudWatch, gargaɗin gano saɓani guda ɗaya ana cajinsa a matsayin ma'auni uku. Ka nemi farashin ninki biyu na girmanka na yau, a rubuce.

Akwai kuma batun layi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hidimomi da dama a Najeriya da Ghana suka shiga wahala. A irin wannan rana, manhajar da ke zaune a wata nahiya ba ta samun bayananka. Ka tambaya: in bayanai suka yanke, shiru za ta yi ko za ta sanar? In wuta ta ɗauke kafin janareto ya tashi, giɓin da ya samu za ta lissafa shi a matsayin sifili ne ta gurɓata abin da ta koya? In kuma kundin rajistarka yana ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana da sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka zaɓi manhajoji biyu, ka ɗora su a kan bayananka na gaske na aƙalla mako huɗu, ka tabbatar ƙarshen wata ya faɗo a ciki. Ka ajiye littafi: kowane gargaɗi a rubuta ko ya sa an tashi an yi wani aiki ko a'a. A mako na huɗu, da rana tsaka, ka sanar da shugabanka, ka rage zirga-zirgar wata hidima da gangan, ka riƙe agogo ka ga wacce za ta fara magana da kuma bayan minti nawa.