Kifin Dombes da namu na Tabalak

Assalamu alaikum Kawu, Yaya da sauran 'yan gida na Tawa, ina gajiya ina iyali. Yau maganar kifi na kawo muku daga nan Faransa, musamman ku da ke da dangi a Tabalak.

Arewa da Lyon kaɗan akwai wani yanki ana ce mai Dombes, ƙauyuka ne da tafkuna sun fi dubu kuma duka hannun mutum ya yi su. Ƙasar wurin laka ce ba ta shan ruwa, tun wajen ƙarni na 13 malaman coci suka riƙa tare ruwan sama da ganuwar ƙasa suna kiwon kifin karp saboda kwanakin azuminsu da ba su cin nama. Daga baya masassarar sauro ta addabi mutanen wurin, aka yi doka a 1856 aka busar da tafkuna da yawa, sai a 1901 aka sake yarda a maida ruwa.

Abinda ya kama min hankali wallahi shi ne ƙofar ruwa. Kowane tafki na da tashi, idan sanyi ya shigo wajen oktoba sai a buɗe ta ruwa ya sauka a hankali zuwa tafkin maƙwabci da ke ƙasa, ba ya tafiya a banza, kifi ya taru a wuri mai zurfi maza su shiga da taru su jawo, a tsaya nan bakin ruwa a zaɓe, manya su tafi kasuwa ƙanana a ajiye su don sake zubawa. Bayan 'yan shekaru kuma sai a bar tafkin ya bushe shekara guda a shuka masara ko wani hatsi a cikin lakar, gona ta ci takin kifi sannan ruwa ya dawo. Mu ma ai muna noman rani in ruwan Tabalak ya ja baya, bambancin dai mu ruwa ke yanke mana lokaci, ga rairayi na ta cike tafkin.

Wajen saye da sayarwa nan ne suka bar mu. Kifi na shiga kamiyo mai tankin ruwa da ransa, a kai shi wurin gyara a cire ƙaya a sa cikin leda a firigo da kwanan wata a jiki. Masuncinmu kuwa in rana ta take bai sayar ba, ko ya karyar ko a yi banda, mata masu suya suna zaman jiran bis ɗin Agadas.

Amma daɗi kam namu ya fi, ba son kai ba. Karp ba karfasa ba ce, ga ƙaya ga ɗan warin laka, su kansu mutanen nan ba kowa ke ci ba, da yawa Jamus ake kai shi. Bandar tarwada kuwa sai shagon 'yan Afirka, da tsada kuma babu ƙamshin ta gida.

Yaya don Allah in ka je Tabalak ka samu sarkin ruwa ku yi maganar tarun nan mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi, sannan ka tambayo min kuɗin firigo mai aiki da hasken rana a kasuwar Tawa, mu da ke nan muna so mu haɗa kuɗi kafin zafi ya shigo.