Sharhi: filas ɗin finafinan miyagun gaske da aka tura min a Tudun Wada

Masu tura finafinai a waya da filas a Kaduna abu uku suka fi ganewa: Indiya fassara, mai dogon zango, da na faɗa. In ka zo da wata buƙata daban, sai ka yi dogon bayani. Abin da na nema a wani shago da ke Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci, shi ne finafinan Turawa da aka gina kan miyagun da suka taɓa rayuwa da gaske, irin waɗanda ake zubar da jini a ciki amma kana kallo kana dariya. Yaron shagon bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Oga, na gane, waɗanda bos ne jarumin." Ya zuba min biyar: Goodfellas, Chopper, Bronson, Legend da Pain & Gain, naira ɗari biyu kowanne.

Bari in fara sallamar maganar aikin shagon, don ba ta da yawa. Hoton huɗu daga ciki garau yake, ko a talabijin ka jona filas ɗin ba ya dishi-dishi. Legend kuwa murya na gaba, baki na baya, har sai mutum ya gama magana sannan ka ga laɓɓansa na motsi. Na haƙura da shi tun kafin a yi nisa, duk da ina son ganin yadda Tom Hardy ya fito a matsayin tagwayen nan Ronnie da Reggie Kray, waɗanda suka addabi gabashin Landan har aka yi musu ɗaurin rai da rai a 1969. Chopper ya zo babu rubutun ƙasa, ga Turancin mutanen Ostireliya kamar suna tauna shi, dole ka riƙa mayar da fim baya. Babu ko ɗaya da ke da fassarar Hausa. Kuma kowa ya san kwafe ne ba da izinin masu shi ba, irin abin da 'yan Kannywood suka daɗe suna kuka da shi a kan nasu finafinan. Wannan magana ce ta wata rana.

Goodfellas ne uban tafiyar, kuma shi kaɗai ya fanshe kuɗin filas ɗin. Martin Scorsese ya yi shi a 1990 kan rayuwar Henry Hill, wani yaron 'yan mafiya a birnin Niyok wanda daga baya ya juya ya ba da shaida a kan iyayen gidansa don ya tsira da wuyansa. Wurin da ya fi tsaya min a rai ba harbi ba ne. Mutum biyu ne suka yi wa wani dukan kawo wuƙa, su da Henry suka cusa shi a but ɗin mota, sai suka biya gidan mahaifiyar ɗaya daga cikinsu da tsakar dare don su ɗauki shebur. Tsohuwa ta farka, ta rantse sai sun ci abinci. Suka zauna a tebur, tana yi wa ɗanta faɗan ya ƙi yin aure, tana nuna musu zanen da ta yi, shi kuma yana neman aron wuƙar girkinta da ƙaryar wai barewa suka buge a hanya. Duk wannan hira, mutumin yana can cikin but bai ƙarasa mutuwa ba. Matar da ta fito a tsohuwar mahaifiyar Scorsese ce ta gaske, shi ya sa faɗan nata ya yi kama da na kowace uwa. Za ka yi dariya, ba makawa, kana yi kana jin bugun da ke fitowa daga bayan motar a cikin kanka.

Haka, a cikin fim ɗin, labarin fashin da aka yi a ma'ajiyar kamfanin jirgin Lufthansa a filin jirgin Kennedy a Disambar 1978, inda aka kwashe kusan dala miliyan 5 tsaba, ban da gwala-gwalai. Shugaban aikin ya gargaɗe su kada kowa ya sayi abin da zai ja ido. Ba a jima ba wani ya zo da sabuwar mota ruwan hoda, wani ya zo da matarsa sanye da rigar gashi mai tsada. Abin da ya biyo baya gawawwaki ne: cikin motar nan ruwan hoda, cikin motar shara, cikin motar daskarar da nama. Ba 'yan sanda suka kashe su ba.

Nan ne na fara gane abin da ke jan mutum ga irin waɗannan finafinai. Fim ɗin faɗa na yau da kullum yana nuna maka mugu a matsayin mai tsananin wayo da kwarjini, wanda sai jarumi ya sha wuya kafin ya kai shi ƙasa. Waɗannan kuwa suna nuna maka shi yadda yake: mai son a sani, mai saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, wanda ba ya iya riƙe bakinsa ko aljihunsa. Duk majalisar mai shayi akwai irinsa, mai ba da labarin yadda ya kori mutum goma shi kaɗai, gobe in ya sake bayarwa sun zama ashirin. Bambancin kawai shi ne wannan yana da bindiga. Kana dariyar wautarsa, kuma dariyar tana rage maka tsoronsa. Ga wanda ya tashi a garin da 'yan sara-suka suka taɓa hana mutane fita bayan isha'i a wasu unguwanni, ganin an mayar da mugu abin dariya yana da wani daɗi na daban.

Chopper, na shekarar 2000, shi ya fi fito da wannan fili. Mark Read, wanda ake wa laƙabi da Chopper, mutumin Melbon ta Ostireliya ne wanda ya shafe shekaru da dama a gidan yari, ya sa wani ɗan fursuna ya yanke masa kunnuwa a kurkukun Pentridge, ya fito ya rubuta littattafai kan ta'asarsa suka yi kasuwa. Ya taɓa cewa mutum 19 ya kashe, daga baya lissafin ya sauko, kuma har ya mutu a 2013 kotu ba ta taɓa kama shi da laifin kisa ba. Eric Bana, wanda a lokacin ɗan barkwanci ne a talabijin, shi ya hau rawar, kuma ya yi abin mamaki. Akwai inda amininsa ya riƙa soka masa wuƙa a ciki a ɗakin kurkuku, shi kuwa yana tsaye yana kallonsa da mamaki, kamar wanda aka yi wa ƙaramin rashin kunya, har ya rungume shi. Akwai inda ya harbi wani dillalin ƙwaya a ciki, sannan ya ɗauke shi a mota ya kai shi asibiti, ya kuma riƙa musun ya kai shi don kada sunansa ya ɓaci a cikin miyagu. Ƙarshensa ne ya sa na ɗaga wa fim ɗin hula: yana ɗakinsa da gandirobobi biyu suna kallon hirar da aka yi da shi a talabijin, yana ta murna, sai lokacin tashinsu ya yi suka ja ƙofa suka kulle, aka bar shi shi kaɗai da bango.

Bronson na 2008 bai kai wannan ba a wurina. Michael Peterson ya shiga kurkuku a Ingila a 1974 kan fashin da bai kai fam 30 ba a wani gidan waya, aka yanke masa shekara bakwai, amma dambe da gandirobobi da garkuwa da mutane a cikin kurkukun suka mayar da shekara bakwai ta zama kusan duk rayuwarsa. Ya ari sunan ɗan fim Charles Bronson, daga baya a 2014 ya koma Charles Salvador. Tom Hardy ya yi ƙoƙari, ya tuɓe, ya shafe jiki da man shanu, yana jiran a buɗe ƙofa ya hau duka. Amma bayan duka na uku ka ga na huɗu. Fim ɗin ya cika wasan kwaikwayon dandamali, ga tsiraici da yawa, wanda ko kai kaɗai ne a ɗaki sai ka waiga.

Pain & Gain ne ya ɓata min lissafi. Shi muka kalla da abokai a shagon wani tela a unguwarmu bayan an tashi aiki, ina ɗan fassara wa waɗanda Turancin ke yi wa gudu. Michael Bay ya yi shi a 2013 kan wasu 'yan ɗaga ƙarfe a Mayami ta Amurka, ƙarƙashin wani Daniel Lugo, waɗanda a ƙarshen 1994 suka sace wani ɗan kasuwa, suka tsare shi kusan wata guda suna azabtar da shi har ya sa hannu ya sallama musu dukiyarsa. Suka ɗura masa giya, suka haɗa haɗarin mota na ƙarya, suka cinna wuta, suka bi ta kansa da mota, Allah bai yi kwanansa ya ƙare ba. A 1995 suka kashe wani attajiri da budurwarsa, suka daddatsa gawawwakin. An yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa a 1998. Fim ɗin ya ɗauki duk wannan ya mayar da shi wasan sakarkaru uku masu ƙwanji ba kwanya, kuma gaskiya da farko shagon ya cika da dariya, musamman yadda suka yi ta kuskuren sace mutumin sanye da kayan dodanni.

Cikin masu kallon akwai wani dattijon maƙwabcinmu, direba ne, wanda aka taɓa ɗauke ƙaninsa a hanyar Abuja shekarun baya, sai da aka sayar da fili aka haɗa kuɗin fansa. Da aka zo wurin da aka ɗaure mutumin a kujera, an rufe masa ido da salatif, ana tilasta masa ya buga waya gida, sai ya miƙe ya saka takalminsa. Telan ya ce, "Baba, ai yanzu aka fara." Ya ce, "Ku dai ku ƙarasa, yarana. Ni na ji irin wannan wayar da kunnena." Bai yi fushi ba, bai yi wa kowa wa'azi ba, ya yi sallama ya tafi. Muka ci gaba da kallo, amma fassarar tawa ta koma gajere-gajere.

Laifin fim ɗin a wurina ba zubar da jini ba ne, don Goodfellas ma ya zubar. Laifinsa shi ne wanda ya zaɓa a yi wa dariya. An canza wa ɗan kasuwar suna, aka mayar da shi marowaci mai wulaƙanta ma'aikata, yadda mai kallo zai ji kamar ya cancanci abin da ya same shi. Mutumin na gaske ya fito ya yi tir da fim ɗin har ya kai ƙara kotu, dangin waɗanda aka kashe su ma sun nuna ɓacin ransu. Scorsese in ya sa ka dariya, yakan bar ka da gawar yaron da ke kawo wa 'yan mafiyar Goodfellas abin sha, wanda aka harbe don ya mayar da magana, ka ji kunyar dariyar da ka yi. Bay kuwa yana nuna ana gasa hannuwan gawa a kan abin gashin nama don a ɓatar da zanen yatsu, ya rubuto a allo cewa har yanzu labarin gaskiya ne, yana jiran ka ƙara ƙyaƙyatawa.

Akwai kuma abin da ya dame ni ko a kan masu kyaun. Abin da Read da Peterson suka fi so a duniya shi ne suna, fim kuma ya ba su. Mu ma nan mun san wannan ciwon. Ishola Oyenusi, wanda ya laƙaba wa kansa Dakta, an harbe shi a Bar Beach ta Legas a Satumbar 1971 gaban dubban 'yan kallo, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare Eddie Ugbomah ya yi fim a kansa. Lawrence Anini ya hana birnin Benin barci a 1986, har Janar Babangida ya tambayi Sufeton 'Yan Sanda Etim Inyang ina Anini yake. An kama shi a Disamba, aka harbe shi a Maris na 1987, kuma wani babban ɗan sanda, George Iyamu, na cikin waɗanda aka kashe saboda taimaka wa gungun. Labarin Anini yana da duk kayan haɗin irin wannan fim, kuma yau mai yiwuwa a yi shi a yi dariya, tunda an kusa shekara arba'in. Amma ka ce za ka yi fim ɗin barkwanci kan waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022, ko waɗanda suka kwashe ɗaliban Kuriga a 2024? Irinsu da kansu suna hawa TikTok suna baje damman kuɗi, suna neman a san da su. Mai fim da zai ƙara musu haske, ko da da sunan yi musu ba'a ne, ban ga a wace unguwar Kaduna zai haska shi ba.

Ga mai son karɓa: Goodfellas da Chopper sun ci kuɗinsu har da riba, Bronson sai in kana son Tom Hardy, Pain & Gain na goge shi daga filas ɗin. Babu ko ɗaya da za a kunna a falo gaban yara ko surukai, ashar ɗin da ke cikin Goodfellas kaɗai ta isa. Ka sa mai shagon ya buɗe maka kowane fim a kwamfutarsa, ya ja shi zuwa tsakiya ka ji ko murya ta dace da baki, ka kuma tabbatar Chopper na da rubutun ƙasa kafin ka miƙa kuɗi.