Katin asusu ko katin zubi: wanne za a riƙe zuwa Umara da Dubai?

Alhaji, tambayar da ka kawo wa zaure ita ce wannan: za ka tashi daga Damagaram zuwa Umara, daga can ka biya Dubai sayen kaya, kana da katin da kake cire kuɗi da shi a nan gari, wato katin asusu, an kuma ba ka shawara ka sayi katin Visa irin wanda ake zuba wa kuɗi, wato katin zubi. Kana son sanin wanne ya fi, da kuma ko gaskiya ne a wasu ƙasashe ba a tambayar lambar sirri.

Kafin a kai ga kwatanci, ka fiddo katin da ke hannunka ka dubi tambarin da ke jikinsa. Idan tambarin GIM-UEMOA kaɗai ka gani, to iyakar tafiyarsa ƙasashe 8 ne na yammacin Afirka masu amfani da sefa, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Ko Kano ba zai yi maka aiki ba, balle Jidda, haka nan Chadi da Kamaru, duk da cewa su ma sefa suke kashewa, nasu tsarin daban ne. Sai idan akwai tambarin Visa ko Mastercard tare da shi sannan za a sa shi cikin lissafi, kuma da irin wannan katin zan gwada katin zubin.

Ta fuskar ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da muke kira pus, kamar na salula, babu bambanci tsakaninsu ko kaɗan. Dukansu tsarin EMV suke bi, sunan da aka haɗa daga Europay, Mastercard da Visa, kuma aikin pus ɗin shi ne ya ƙirƙiro sabuwar shaida a duk lokacin da aka yi ciniki, ta yadda wanda ya saci bayanin cinikin jiya ba zai iya sayen komai da shi yau ba. Baƙin layin da ke bayan kati kuwa bayani ɗaya yake ɗauke da shi kullum, shi ya sa ɓarayi suke iya kwafe shi. Saboda haka duk inda mai kanti ya nemi ya goga katin alhali na'urarsa tana da bakin da ake sa pus, ka ce masa ya sa shi ciki, kuma a gabanka.

Maganar rashin tambayar lambar sirri tana da asali, amma ba ta shafi hanyarka sosai ba. Wani Bafaranshe, Roland Moreno, shi ya yi wa katin pus rajista a 1974, bankunan Faransa suka riga kowa rungumarsa, Birtaniya ta wajabta buga lamba daga 14 ga Fabrairun 2006, ita kuwa Amurka sai a Oktoban 2015 ta juya sosai zuwa pus, kuma ko a lokacin yawancin katunanta sa hannu aka ci gaba da yi musu. Can ne wanda ya ba ka labari ya gani. A Saudiyya da Dubai na'urorin biya suna tambayar lamba kamar yadda ka saba, sai dai a ƙaramin ciniki, inda ake kanga katin kawai a jikin na'ura idan yana da alamar hakan. A ƙasashen yuro iyakar wannan kangawar yuro 50 ce, kusan jika 33 ke nan a lissafinmu.

Ainihin bambancin yana ga abin da ke bayan katin. Katin asusu ƙofa ce da ta buɗe kai tsaye zuwa cikin ajiyarka, kuma ga ɗan kasuwa wannan ajiyar ita ce jari. Katin zubi kuwa abin da ka sa masa shi kaɗai ne a ciki, in ya faɗi a hannun wani ba a cin fiye da hakan. Wannan ya fi nauyi a wurina fiye da duk sauran dalilai, saboda idan aka cire kuɗi da pus da kuma lambar sirri ta daidai, banki yakan ɗauka mai katin ne ya cire, kuma da wuya a ci nasarar jayayya da shi. Ka tuna yadda cunkoso yake a kewayen Harami bayan sallar isha'i, da yadda mutanenmu suke miƙa wa baƙo kati a gaban na'urar cire kuɗi su ce ya taimaka ya danna musu saboda rubutun Larabci ne ko Ingilishi. Wasu ma a bayan katin suke rubuta lambar don gudun mantuwa. A irin wannan wuri katin zubi ne ya kamata ya kasance a aljihu. Idan kuma lambar ta shige maka duhu, kada ka yi ta gwadawa, domin kuskure uku a jere yana rufe kati, ko wanne iri ne, kuma sau da yawa ba ya buɗuwa sai an koma reshen banki.

Amma da ka sauka Dubai lissafin yana juyawa. Katin zubi yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, wadda sau da yawa ba ta kai kuɗin kayan da ɗan Kasuwar Dole yake saye ba, kuma idan ya ƙare sai an samu wanda zai sake zuba masa daga gida, abin da ke iya faɗawa ranar da bankuna suke rufe. Ga kuma al'adar otal-otal ta riƙe wani kaso na kuɗi a matsayin jingina tun ranar shiga. Ni kaina na taɓa miƙa katin zubi a wani masauki a can, suka riƙe abin da suka riƙe, na biya kuɗin ɗaki na fita, amma jinginar ba ta dawo ba sai da na kwana da yawa a gida, alhali da ita na yi niyyar biyan kuɗin dakon kaya. Da katin asusu na bayar, da ban ji riƙon ba. Masu ba da hayar mota da yawa ma ba sa karɓar katin zubi sam. Shi ma katin asusu yana da iyakar abin da za a kashe a rana ko a mako, sai dai wannan ana iya neman a ɗaga ta, kuma gara ka je reshe da fasfo da tikitinka ka nema tun kana Damagaram, ka kuma tabbatar an buɗe katin don aiki a wajen yankin sefa.

A wajen caji ba zan ce wannan ya fi wancan sauƙi ba, domin kowane banki da farashinsa, sai ka nemi takardar farashin ka karanta. Abin da ya haɗa su shi ne cire tsabar kuɗi a waje yakan jawo caji tsayayye a kan kowace cirewa, ban da kason canji, don haka cirewa ɗaya mai kauri ta fi biyar ƙanana araha, biya kai tsaye a kanti kuma yakan fi duka biyun. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957 tun 1999, shi ya sa mai zuwa Faransa ya san lissafinsa tun daga gida. Kai kuwa riyal da dirhami za ka kashe, su kuma da dalar Amurka aka ɗaure su, ba dalarmu ta sefa 5 ba: riyal 3.75 ko dirhami 3.67 a kan kowace ɗaya. Ke nan abin da za a zare maka yana hawa da sauka gwargwadon yadda yuro da dalar suka kwana. Idan na'ura ta ba ka zaɓi tsakanin kuɗin ƙasar da kake ciki da wani kuɗi, ka zaɓi na ƙasar, domin ɗaya zaɓin farashin mai na'urar ne, kuma yawanci ya fi tsada.

Da ni ne, duka biyun zan riƙe, na zubi a aljihu don abinci da mota da tsaraba, na asusu kuma a ɓoye tare da fasfo, ba ya fitowa sai a otal da wurin babban ciniki, sannan in ƙara da ƴan riyal na kwanakin farko. Tsabar kuɗin da ta kai iyakar da kwastan na Saudiyya suka sa dole a bayyana musu ita. Kada ka bar pus ɗin salularka na Nijar a gida, domin ta wannan lambar banki yake aiko saƙon tabbatarwa idan za ka sayi tikiti ko ka kama ɗaki ta intanet, kuma ka rubuta lambar da ake kira a rufe kati a wata takarda daban, ba cikin jakar da katunan suke ba.