Babur ɗan China mai injin CG: inda masu raina shi ke da gaskiya da inda suka kauce

Duk inda masu babur suka taru, kafin a tambayi mutum sunansa an riga an karanta sunan da ke jikin tankinsa. Mai Harley-Davidson yana yi wa mai babur ɗan Japan kallon hadarin kaji, mai Ducati yana ganin Harley tarakta ce aka rage wa tayoyi, mai Honda yana raina ɗan Indiya, sannan dukkansu su taru su yi wa ɗan China dariya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ake yi wa dariyar shi za mu auna a nan: ƙaramin babur mai cc 125 da masana'antu barkatai na China ke ƙerawa da inji irin na Honda CG125, kowace ta liƙa masa sunan da ta ga dama.

Gane shi ba wuya. A ƙasan inji ta hagu akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfe, galibi tana farawa da 156FMI ko 157FMI. Ma'anarta silinda ɗaya, faɗin fistin wajen milimita 56, iska ke sanyaya shi, cc 125. Sai dai lambar girma kawai take faɗa, akwai wasu injina masu irinta da ba CG ba ne. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce a buɗe murfin kan inji: idan aka ga siraran sanduna biyu sun taso daga ƙasa suna tura bawul, babu sarƙar taimin, to shi ne.

Waɗannan sanduna biyu su ne duk sirrin injin, kuma suna da tarihi. A 1974 Honda ta tura ma'aikatanta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da Iran da Pakistan su gano dalilin da ya sa ƙananan baburanta ke mutuwa da wuri a can. Sun tarar ana yi musu lodin da ya fi ƙarfinsu, ba a kuma canza baƙin mai sai ya zama kwalta. Injinan lokacin kam ɗinsu, wato ƙarfen mai tudu da ke juyawa yana buɗe bawul, a sama yake, can kan inji, inda mai ke isa a ƙarshe, don haka da mai ya yi datti shi ke fara cinyewa. Maganin da suka kawo a 1975 shi ne CG125: aka sauko da kam ƙasa kusa da inda mai yake kwance, aka bar masa tudu ɗaya tak da ke buɗe bawul biyun. Inji ne da aka tsara tun farko don mai sakaci. Har yau Atlas Honda na ƙera shi a Pakistan. Wanda ya ce injin ɗan China "ƙirar banza ce" to Honda yake zagi bai sani ba, domin tsarin nata ne kusan noti da noti, har yawancin kayan gyara na shiga juna.

A kan hanya ba ya burge kowa, kuma ba don haka aka yi shi ba. Ƙarfinsa wajen doki 10 zuwa 11 ne. Yana taɓa kilomita 100 a awa idan hanya ta miƙe kuma iska ba ta tare shi ba, amma inda yake jin daɗi tsakanin 70 da 80 ne. Sama da haka rawar inji na hawowa hannu da ƙafa har madubi ya daina nuna komai. Lita ɗaya ta fetur na kai shi wajen kilomita 35 zuwa 40 idan kafireto a daidai yake. Yana ja da kyau daga ƙasa, abin da mai ɗaukar kaya ke buƙata ke nan. Birkin gaba na ganga, a waɗanda ke da shi, rauni gare shi, wanda ya samu mai faifai ya ɗauki mai faifai.

Yanzu ga inda masu fankama ke da gaskiya, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. Araha ba ta ado. An kwafi tsari, amma ba kowace masana'anta ce ke kwafar ingancin ƙarfe da roba da kulawar haɗawa ba. Babura biyu masu suna ɗaya za su fito, ɗaya lafiya lau, ɗaya da matsala tun makon farko. Abin lura shi ne matsalolin kusan kullum a wuri ɗaya suke, kuma ba a cikin zuciyar inji ba.

Na farko notina. Ƙarfensu na da laushi, sau da yawa ba a ɗaure su yadda ya kamata ba, ga inji mai rawa. Notinan salansa, na maƙalin inji, na matakin ƙafa da na farantin haƙoran baya su ne ke fara kwancewa. Kafin a fara hawa a bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana, a ɗiga musu ruwan kulle noti mai launin shuɗi, irin Loctite 243, wanda ke kwancewa idan an so. Ja ba ya kwancewa sai da wuta, kada a kusance shi. Kada kuma a matse da ƙarfin tuwo a inda noti ke shiga alminiyom, zaren ne zai tafi.

Na biyu man da ya zo da shi daga masana'anta. Bai cancanci a yi tafiya da shi ba. A zubar tun ranar farko, a sake canzawa wajen kilomita 300, sannan a 1,000, domin a wannan lokacin ne sabon inji ke zubar da ɓurɓushin ƙarfe. Yana cin kusan lita ɗaya, 10W-40 ko 20W-50 inda ake zafi, amma lallai mai alamar JASO MA a jikin gora. Dalili: kuloci a cikin man yake wanka, man mota mai sinadarin rage gogayya kuwa na sa shi santsi, sai a ji inji na ihu babur ba ya gaba. Murfin zubar da mai na ƙasa ta hagu, sifana 24 ke buɗe shi, bayansa akwai sifirin da 'yar rariya. A wanke rariyar da fetur, a lura da yadda ta fito don a mayar da ita haka.

Akwai mataci na biyu da mutane da yawa ba su san da shi ba, har da masu Honda na asali da ke cika baki. Yana bayan murfin dama, ɓangaren kuloci, ɗan kofi ne da ke juyawa tare da karanshaf yana watsa datti jikin bangonsa. Sukurori uku ke riƙe da murfinsa. Kamar kowane kilomita 12,000 ya kamata a buɗe a kankare baƙin laka da ya daskare a ciki, a tanadi sabon gasket kafin a fara. Idan ya cika, datti na wucewa kai tsaye zuwa boris ɗin karanshaf, kuma a wannan lokacin sunan da ke jikin tanki ba ya ceton kowa.

Ratar bawul, wato ɗan sararin da ake bari tsakanin bawul da hannun da ke danna shi, ita ce ta fi jawo wa waɗannan babura baƙin suna. Da yawa suna zuwa a matse. Alamarta babur ya tashi da safe lafiya, in ya yi zafi ya riƙa mutuwa a silo, ya ƙi tashi sai ya huce. Ƙarfe na buɗewa da zafi, ratar ta ɓace, bawul ya kasa rufewa sosai, matsi ya tsere. In aka daɗe a haka bawul ɗin hayaƙi ya ƙone. Sai mai shi ya ce ɗan China ne, alhali aikin minti ashirin ne. Inji a sanye, a cire murfin kai, a buɗe ƙananan murafu biyu na hagu, a juya karanshaf saɓanin tafiyar agogo har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin ramin sama. A taɓa hannuwan bawul biyun: idan duka suna ɗan motsi, an zo daidai, idan a ɗaure suke, a ƙara zagaye ɗaya cif. Honda ta ba da milimita 0.08 ga kowanne, wasu littattafan China na rubuta 0.05, a bi na babur ɗin. A sassauta noti, a juya sukuru har ma'aunin rata ya riƙa shiga da ɗan ja, a riƙe sukurun a ɗaure, a sake aunawa domin ɗaurewa na motsa shi. Ɗan ƙas-ƙas a kan injin CG lafiya ce. Shirun ne abin tsoro.

Roba kuwa babu abin karewa a kanta. Tiyon fetur na bushewa ya tsage, gara a sauya shi tun wuri. Robar da ke haɗa kafireto da inji ita ma tana tsagewa, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, silo ya ƙi sauka bayan an saki totur, fulogi ya fito fari fat. Kafireton kansa, PZ26, kwafin na kamfanin Keihin ne kuma yana aiki. Fulogin da ya zo da shi a maye gurbinsa da NGK D8EA, ratar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Tayoyin masana'anta na da tauri, a jiƙaƙƙiyar kwalta ba su da riƙo, kuma a ganinmu nan ne ya fi cancanta a fara kashe kuɗi. Sarƙa lamba 428 ce, ta asalin na miƙewa da sauri; a bar mata lilo wajen milimita 20, in za a canza a canza ta tare da farantan haƙora biyun, in ba haka ba tsoho ya cinye sabo. Boris ɗin wuya da na tayoyi kan zo da giris kamar an shafa don kunya. Wuta kuma a gwada ta da mita a kan batir: wajen volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan an ba da totur. Ƙasa da haka, a duba mahaɗan wayoyi kafin a zargi rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, domin tsatsa a mahaɗa ta fi yawa.

Wani abin da masu bautar suna ba sa son a tuna musu: iyakar da suke tsaro ta daɗe da rushewa. BMW G 310 R kamfanin TVS ne ya ƙera shi a Hosur ta Indiya. Loncin na China na haɗa wa BMW injina. Ƙananan KTM Duke daga masana'antar Bajaj kusa da Pune suke fitowa, haka ma Triumph Speed 400 na 2023. Benelli ta Italiya na hannun Qianjiang tun 2005, kuma Qianjiang ɗin ce ke ƙera Harley-Davidson X350, Hero ta Indiya kuma X440. Haojue na ƙera wa Suzuki babura da sunan Suzuki a jiki. Ita kanta Harley sai da gwamnatin Amurka ta ɗora haraji mai nauyi kan manyan baburan waje a 1983 kafin ta samu numfashi a gaban Japan. Wannan bai nuna duk ɗan China ɗaya ne da BMW ba. Ya nuna ƙasa ba ita ce tambaya ba, tambayar ita ce wace masana'anta, kuma wa ke tsaye a kanta yana duba abin da ke fita.

Abin da suna ke saya da gaske abu uku ne: daidaito tsakanin babur da ɗan'uwansa, fenti da ƙarfen da ke jure tsatsa, da daraja ranar sayarwa. A nan ɗan China ya sha kaye, yana faɗuwa warwas da an fitar da shi daga shago. Kayan inji ba sa wuyar samu, amma murfin gefe, fitila da agogon gudu na wani sunan da ya ɓace daga kasuwa na iya gagara, saboda haka a tambayi dila ko yana ajiye su kafin a biya.

Ga mai zirga-zirgar yau da kullum a gajeren zango, wanda zai iya ba shi yini ɗaya da sifana kafin ya fara hawa, ko yake da makaniken da zai yi masa, babur ne da ya ci kuɗinsa. Wanda ba ya son taɓa komai sai makulli, ko yake da niyyar sayarwa bayan shekara biyu, ya ƙara kuɗi ya ɗauki Honda ko Suzuki. Mai doguwar tafiya a babban titi inda motoci ke wuce 100 kuwa, cc 125 ba nasa ba ne, ko da wane suna aka rubuta a tankin.