Masu zagayawa da baƙi a Badagiri: aikin ya ci kuɗinsa, amma sai ka matsa musu

Duk mazaunin Alaba Rago ko Agege da ke son fita iyali yini ɗaya, Badagiri, tsohuwar tashar cinikin bayi a gaɓar tekun jihar Legas, ta isa. Samarin garin da ke zagayawa da baƙi sun san aikinsu, sai dai akwai abin lura.

A tashi da an idar da Asuba, don cunkoson Iyana Iba zuwa Agbara yana cinye safiya. Ku yi ciniki da ɗan jagora tun a bakin mota: shin kuɗinsa ya haɗa da tikitin kowane gidan tarihi da na kwalekwale? Yawanci kowane gida da tikitinsa, kuma nan ake samun saɓani.

Yawancinsu da gidajen tarihi suke farawa, su bar tsibirin Gberefu sai azahar. Ku ce a juya tsarin. Tsallaka ruwan 'yan mintoci ne, amma daga gaɓa zuwa bakin teku, inda a da ake loda bayi, tafiya ce ta kusan rabin sa'a cikin rairayi, inuwa kaɗan. Da rana ta take, yara da dattawa sai su sare. Kada kowa ya shiga kwalekwale ba rigar ceto, a kuma riƙe ruwan sha.

Inda suka fi ƙwarewa shi ne gidan Sariki Williams Abass. Shi kansa bawa ne da aka kai Burazil, ya dawo ya shiga fataucin bayi, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Za su shigar da kai ɗaya daga ƙananan ɗakunan da ake cusa mutane, taga ɗaya 'yar mitsitsiya can sama, su ɗora maka sarƙa a hannu ka ji nauyinta. Wannan ya shafe mu kai tsaye: Hausawa da dama ta wannan gaɓar teku aka kai su Bahiya ta Burazil, inda suka yi yunƙurin tawaye a 1807. Ta Badagiri kuma Kilafaton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya bi a 1825 kan hanyarsa ta Sakkwato. Benen da 'yan mishan suka gina a garin a 1845 kuwa, minti ashirin ya ishe shi.

Rauninsu shi ne tarihin masu garin. Mutanen Ogu, waɗanda ake kira Egun, 'yan'uwan na Jamhuriyar Benin ne, masunta da masu gonakin kwakwa, garinsu unguwa takwas ƙarƙashin sarkinsu Akran. Wannan a jimla biyu ake wuce shi, kuma abin takaici ne. Ku tambaya kan Zangbeto, dodon da ke gadin gari da dare, da babbar gangar Sato. Jagoran da aka haifa a garin zai buɗe baki sosai, don haka shi za ku nema tun farko.

Ku kamo hanyar gida kafin La'asar ta yi sanyi.