FIRMS: taswirar gobara da ake bibiyar harin makamai masu linzami da ita

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ba don yaƙi ta samar da FIRMS ba. An gina wannan taswira ne domin masu kashe gobarar daji su san inda wuta ta tashi, amma tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, 'yan jarida da masu bin diddigin rikice-rikice suka mayar da ita wurin leƙa inda makami ya faɗa. Na jima ina amfani da ita don wannan buƙata, kuma ra'ayina shi ne tana da amfani ƙwarai, muddin mutum ya san abin da take gani da abin da ba ta gani.

Kyauta ce, kuma buɗe ta ba ya buƙatar wata ƙwarewa. Mutum zai tarar da taswirar duniya an yayyafa mata jajayen ɗigogi, kowane ɗigo yana nuna wurin da tauraron ɗan'adam ya ji zafin da ya wuce na kewayensa. Idan aka taɓa ɗigon, sai ya ba da ranar da aka gan shi, da sa'ar, da sunan tauraron, da kuma ƙarfin wutar. Yawancin bayanan suna fitowa daga na'urori iri biyu: MODIS, da ke kan taurarin Terra da Aqua, wadda kowane ɗigonta yake rufe kusan kilomita 1, da kuma VIIRS, wadda ta fi ta kaifin ido, domin nata ɗigon mita 375 ne. Yawanci abin da aka hango yakan bayyana cikin sa'o'i 3. Idan wata gwamnati ta ce ta kakkaɓo duk makaman da aka harbo mata, sannan aka wayi gari ɗigogi sun yi cincirindo a kan rumbun man da jiya babu komai a kansa, to mai bincike ya sami abin kamawa.

Sai dai FIRMS ba ta ganin makamin kansa, zafin wutar da ya bari take gani. Taurarinta suna kewaya duniya ne a nisan kilomita 700 zuwa 800 da ɗoriya, kowanne yana ratsa wuri ɗaya kamar sau biyu a yini, alhali injin makami mai linzami mai lulawa sama 'yan mintoci kawai yake ci kafin ya mutu. Harin da wutarsa ta lafa kafin tauraro ya iso, tamkar ba a yi shi ba ne. Gajimare mai kauri yakan rufe mata ido, haka ma hayaƙi idan ya yi yawa. Abin da ya fi yaudarar sabon shiga kuwa shi ne ɗigon ba ya faɗin sanadin wuta: manomin da ke ƙona kararen alkama bayan girbi, da iskar gas da ake ƙonawa dare da rana a rijiyoyin man Basra ta Iraki, da ma'ajiyar makaman da aka tarwatsa, duk launi ɗaya suke fitowa. Shi ya sa nake fara komawa baya mako guda ko wata guda, in duba ko dama can wurin yana ci da wuta.

Aikin hango makami tun yana tashi na wasu taurari ne daban, waɗanda ba a buɗe wa jama'a ba. Tsarin SBIRS na sojojin Amurka yana da taurari a nisan kusan kilomita 36,000, inda suke tafiya daidai da juyawar duniya, don haka idonsu ba ya barin yankin da suke gadi. Su ne suka hango makaman da Iran ta harba wa sansanin Ain al-Asad na Iraki a ranar 8 ga Janairun 2020, sojojin Amurka da ke wurin suka sami damar fakewa. Babu wanda ya mutu, ko da yake fiye da 100 sun sami rauni a ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan taurari ma ba su fi ƙarfin kuskure ba. A watan Satumban 1983 tsarin Tarayyar Sobiyet ya ɗauki hasken rana da ya daki gajimare a matsayin makaman Amurka, sai da jami'in da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya ƙi gaskata na'urar. Har yau kuma makaman da ke tafiya ƙasa-ƙasa, waɗanda zafinsu bai kai na masu lulawa sama ba, suna ba irin waɗannan taurari wahala.

Wanda zai yi aiki da FIRMS da gaske, ya haɗa ta da hotunan Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, waɗanda su ma kyauta ne. Kowane ɗigonsu mita 10 ne, kuma sukan sake ɗaukar wuri bayan kimanin kwana 5, saboda haka za a iya ajiye hoton kafin hari kusa da na bayansa, a ga baƙin tabon ƙuna ko rufin da ya ɓace. Ramin da bai kai faɗin ɗaki ba kuwa, sai an nemi hotunan kamfanoni irin su Planet, waɗanda ake saye.